Koya wa Yara Baƙi da Wasali a Gida

A ƙauyuka da yawa akwai yaran da suka haddace jerin baƙaƙen Turanci tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Iyaye su ji, su yi murna, su ce yaro ya fara karatu. Amma in aka rubuta wa yaron nan "baba" a ƙasa, aka ce ya karanta, sai ya yi shiru. In ya matsa wa kansa, sai ya ce "bi-e-bi-e". Wani yana aji uku, wani ma yana aji huɗu, kuma haka abin yake. Daga nan sai uba ya ce makaranta ɓata lokaci ce, ya mai da yaro gona ko kiwo. Yarinya kuwa a ɗora mata talla, a ce ba ta da kai.

Laifin ba na kan yaro ba ne. An koya masa sunayen baƙaƙe ne, ba a koya masa sautinsu ba. Gyaran wannan kuwa ba sai an jira malamin makaranta ba. Uba ko uwa da suka yi ajin yaƙi da jahilci, har suka iya karanta wannan jarida, suna da abin da ake bukata. Wasu iyaye sukan ji nauyi, su ce karatun nasu guda nawa ne da har za su koya wa wani. To, wanda bai daɗe da koyo ba ya fi kowa sanin inda tuntuɓe yake. Bai manta ranar da b da d suka rikita shi ba, saboda haka zai fi yi wa yaro haƙuri.

Suna daban, sauti daban

Akuya sunanta akuya, amma in ta buɗe baki ba "akuya" take cewa ba. Haka baƙi yake. Yana da suna, yana kuma da sauti. Sauti shi ne abin da baki yake furtawa in an gamu da baƙin a cikin kalma. Da sauti ake karatu, ba da suna ba.

A Turanci sunan m shi ne "em". Amma a cikin "mama" babu mai jin "em". Abin da ake ji shi ne "mmm", leɓe a rufe. Wasula ma sun fi kawo ruɗani. Bature yana kiran a da "e". Yana kiran e da "i". Yana kiran i da "ai". Yaron da ya haddace waɗannan sunaye, in aka ce ya rubuta "i", sai ya rubuta e, kuma a ganinsa daidai ya yi. Haka nan c. Sunansa a Turanci "si", amma a Hausa sautinsa shi ne na farkon cokali da ciyawa da cinya.

Hausa ta yi sa'a a nan. Kusan ko'ina, yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta. In yaro ya san sautin m da sautin a, ya gama da su, duk inda ya gan su haka suke. Turanci ba haka yake ba, baƙi ɗaya yakan yi sauti biyu ko uku. Shi ya sa ya fi sauƙi yaro ya fara da harshen da yake magana da shi. In ya gane cewa zane a takarda magana ce, zai ɗauki wannan sani ya shiga Turanci da shi. Sunayen Turanci ba gudu za su yi ba, zai same su a makaranta.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. A makarantar allo almajiri yakan yi babbaƙu, sa'an nan ya yi farfaru, kafin ya iya haɗa karatu da kansa. Sanin "lam jaye" da "ha kuri" kaɗai ba ya sa ya karanta aya, sai ya san abin da wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a suke yi wa baƙi. Bambancin kawai, a allo wasali alama ce a bisa ko a ƙasan baƙi. A boko kuwa wasali yana da mazauninsa a kan layi, kafaɗa da kafaɗa da baƙi.

Kunne kafin ido

Da kunne ake farawa, tun yaro yana shekara 3 ko 4. Ba a bukatar takarda. Uwa tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, sai ta ja sauti ta ce "mmm", ta tambaya ko me ya fara da haka a gidan nan. Yaro ya duba, ya ce murhu, ko muciya, ko masara. Gobe ta ja "sss", ya ce sabulu, sanda, soso. In ya kasa, ta faɗa masa biyu ya zaɓa: tsakanin sanda da turmi, wanne ya fara da "sss"?

Sai kuma wasan tafi. Kalma kamar rake take, gaɓa-gaɓa. A faɗi kalma a hankali, ana tafa wa kowace gaɓa sau ɗaya. Ge-ro tafi biyu. Ma-sa-ra tafi uku. Tat-ta-ba-ra tafi huɗu. A tafa sunan yaron da sunayen 'yan gidan. Bayan haka a juya wasan. Uwa ta ce "ma", ta ɗan dakata, ta ce "sa". Yaro ya haɗa, ya ce masa. Wannan haɗawar ita ce karatu, sai dai ido bai shigo ba tukuna. Yaran da suke zaurance a dandali, suna juya gaɓoɓi don kada manya su gane, wannan aikin suke yi ba su sani ba.

Hannu kafin fensir

Kada a yi gaggawar ba ƙaramin yaro fensir da littafi. Yatsunsa ba su yi ƙwari ba. Zai damƙe fensir kamar wuƙa, ya yaga takarda, ya gaji, ya yi kuka. Aikin gida ma yana shirya yatsu: ɓare gyaɗa, tsince tsakuwa cikin wake, ginin shanu da motoci na laka.

Allon farko shi ne ƙasa. A share wuri a inuwa, ko a zuba rairayi a faranti. Yaro ya yi zane da yatsa. In ya ɓata, ya shafe, ba asarar ko sisi. Kafin baƙi, ya fara iya waɗannan: sanda a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, sanda a kwance, daga hagu zuwa dama, sanda a karkace, zobe, da rabin zobe. Kusan dukan baƙaƙe daga waɗannan aka haɗa su. A lura da zobe. Daga sama ake fara shi, a bi ta hagu, a zagayo a rufe. In hannu ya saba da haka, a da c da d da g da o za su zo da sauƙi, domin duk haka ake fara su.

Ya fara da manyan zane, kamar tafin hannun babba. A hankali ya riƙa ragewa. Daga ƙasa sai a koma gawayi ko alli a bisa katako, ko bayan kwali, ko takardar buhun siminti. Fensir shi ne na ƙarshe. Guntun fensir ya fi dogo daɗin riƙo ga ƙaramin hannu. Da yatsu uku ake riƙewa: babban yatsa da manuni su kama, yatsan tsakiya ya tallafa daga ƙasa. Ɗaya hannun kuma ya danne takarda.

Wasula biyar

Wasulan Hausa su ne a, e, i, o, u. Da su ake fara rubutu, domin babu gaɓar da ba ta da wasali. A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kada a shiga na biyu sai na farko ya zauna.

Kowane wasali a haɗa shi da abin da yaro ya sani. Akuya, albasa, ayaba na a ne. Ido, iska, itace na i ne. Uwa, uba, ungulu na u ne. Amma e da o ba safai suke fara kalma ba, a ƙarshe aka fi jin su. A ja ƙarshen wake da rake da kare don a ji e. A ja ƙarshen gero da nono da ludayin koko don a ji o.

Siffa ma a ba ta kama. O bakin tulu ne. U ƙwarya ce da aka ajiye bakinta sama. I tsinke ne da ɗigo a bisa kansa. A zobe ne da aka jingina masa gajeriyar sanda ta dama. E ya fi wuya: a fara da gajeriyar sanda kwance a tsakiya, a hau sama, a zagayo ta hagu, a bar baki a buɗe. Akwai wani abu da yakan ɗaure wa yara kai. A na bugun jarida yana da rumfa a bisa, bai yi kama da a na rubutun hannu ba. Haka g ma a wasu littattafai. A nuna musu duka biyun, a ce mutum ɗaya ne ya sake riga.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a sakinta daga nan har ƙarshe. Ido ya gani, baki ya faɗa, hannu ya zana, duk lokaci guda. Yaron da ya cika shafi da a alhali bakinsa a rufe, zane ya yi, ba rubutu ba.

Baƙi ya gamu da wasali

Ba dole ne a bi jerin abacada ba. Ya fi kyau a fara da baƙaƙen da ake iya jan sautinsu: m, n, s, r, l, f. Ana iya cewa "mmm" ko "sss" har numfashi ya ƙare, saboda haka yaro yana samun lokacin ji. N kunyar gona ce guda ɗaya, da sanda a gefen hagu. M kunya biyu ce. S maciji ne. L taɓarya ce a tsaye. R tsiro ne da ya fid da ganye ɗaya. F sanda ce mai lanƙwasasshen kai, da ɗamara a ƙugu.

Baƙi shi kaɗai kamar garma ce ba shanu. Sai an ɗaura masa wasali yake tafiya. A yanka kwalin sukari ko na sabulu ƙanana, a rubuta baƙi ɗaya a kowane. A ajiye m a hagu, a ajiye a a dama, da ɗan rata. A ja "mmm" ana tura m a hankali, har ya taɓa a, a ce "ma". A sake da sauran wasula: ma, me, mi, mo, mu. Yara sukan haddace wannan jeri da waƙa ba tare da sun duba ba. Saboda haka a riƙa hargitsa shi. A nuna mu, sa'an nan me, sa'an nan ma. A nan ake gane wanda yake karantawa da wanda yake bin baki.

Kada a jira sai an gama baƙaƙe kafin a shiga kalma. Da waɗannan shida da wasula biyar yaro zai karanta mama, nama, nono, suna, rana, rama, fura, lemo, rimi, rafi. Ranar da ya haɗa "fu" da "ra", ya ɗaga kai ya ce, "Fura!" ranar ya gane abin da ake ciki. A bar shi ya yi ta murna, ya je ya nuna wa kakarsa.

Sai a rubuta gaɓoɓi a kwalaye, a yi wasan juyi. Sa-ma in an juya ya zama ma-sa. In an ƙara baƙaƙe, ka-ma ya zama ma-ka, ka-ra ya zama ra-ka, da-ga ya zama ga-da, gi-da ya zama da-gi. Wasan yana nuna wa yaro cewa wurin zaman gaɓa yana sake ma'ana.

Bayan nan sai b, d, k, t, g. Waɗannan ba sa jawuwa. An saba kiransu ba, da, ka, ta, ga. Hatsarin shi ne yaro ya ɗauka a yana manne da baƙin. In ya ga "bu", sai ya ce "ba-u". Maganinsa kada a daɗe a kan baƙin shi kaɗai. A haɗa shi da wasula nan take, ba, be, bi, bo, bu, yaro ya ji cewa farkon ɗaya ne, ƙarshen ne yake sakewa. Daga nan kalmomi sun yawaita: baba, kaka, gida, doki, kifi, taki, gero, tulu. Har gajeriyar jimla ta samu: Kaka ta dafa nama. Rana ta fito. Baba na gona. Sauran baƙaƙe, wato c, h, j, w, y, z, sai su biyo a hankali. Y gwafa ce. J ƙugiya ce da ɗigo. W haƙoran zarto ne.

Hagu da dama

Yawancin yaran karkara suna zuwa makarantar allo tun kafin boko, ko suna haɗa biyun. A allo ana farawa daga dama, a boko ana farawa daga hagu. Littafin ma ta gefe daban ake buɗe shi. Saboda haka in yaro ya fara rubutun boko daga dama, ko ya karanta "daga" ya ce "gada", ba wauta ba ce. Hanya biyu ce ta haɗe masa. A faɗa masa ƙarara cewa kowane karatu da ƙofarsa. A ajiye ɗan dutse a gefen hagu in a ƙasa ake rubutu, ko a yi babban ɗigo a gefen hagun takarda, a ce daga nan boko yake tashi. In ana karanta masa jarida, a riƙa bin layi da yatsa ya gani.

Juya baƙi ma haka ne. Yaro ya san cewa ƙoƙo ƙoƙo ne, ko ya dubi gabas ko ya dubi yamma. Sai ga shi an ce sanda mai zobe ta dama b ce, mai zobe ta hagu kuwa d ce. Yara da yawa sukan juya su har zuwa wajen shekara 7. Dabarar ita ce a tuna rubutu dama yake tafiya. To, b mai ciki ce, cikinta yana gaba. D mai goyo ce, goyonta yana baya. Wajen rubutawa ma a raba su. B da sanda ake fara ta, sa'an nan ciki. D da goyo ake fara ta, sa'an nan sanda. Kuma kada a koya su a mako ɗaya. B ta zauna daram tukuna kafin d ta shigo. N da u ma sukan yi wannan rikici, ɗaya a kife, ɗaya a buɗe.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

A nan ya kamata a zauna sosai. Hausa tana da sautukan da Turanci ba shi da su, saboda haka aka yi musu baƙaƙensu: ɓ, ɗ, ƙ. Sun shiga rubutun Hausa a cikin shekarun 1930, zamanin da aka dukufa kan buga littattafan Hausa a Zariya. A can ne kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wajen rubuta ƙananansu, kan sandar ne yake ranƙwafawa ta dama, kamar mai gaisuwa.

Wasu suna ganin lanƙwasar ado ce. Ba ado ba ce. Kaya daban, ƙaya daban. Koko abin sha ne, ƙoƙo mazubi ne. Baki ba baƙi ba ne. Fada gidan sarki ce, faɗa kuwa rigima. Gada ta daji ce ko ta kan rafi, gaɗa ta 'yan mata ce a dandali. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya aika takarda a kawo masa kaya, ba zai so a karanta ƙaya ba. A faɗa wa yaro irin waɗannan kalmomi biyu-biyu, ya rufe ido, ya faɗi wadda take da lanƙwasa. Kunnensa ya riga ya san bambancin tun yana goye, hannu ne kawai bai sani ba. Zai ga saƙonnin waya da allunan shaguna da yawa babu lanƙwasa. A gaya masa ganganci ne ko rashin kayan aiki, ba ƙa'ida ba.

Akwai na huɗunsu, 'y, kamar a cikin 'ya da 'ya'ya da 'yan gida. A Nijeriya da ɗan waƙafi a bisa ake rubuta shi kafin y. A Nijar kuwa y ɗin ake lanƙwasawa, ya zama ƴ.

Saura tagwaye, wato baƙi biyu masu sauti ɗaya. Sh na shanu da shinkafa. Ts na tsintsiya da tsamiya. A koya su a dunƙule, kada a raba. A gwada sa da sha, sara da tsara. Daga baya sai kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy: kwando, gwanda, ƙwai, kyau, gyaɗa, ƙyalle. Wasula ma suna da tagwaye biyu, ai da au, kamar a rai da yau. Sai baƙin da ake ninkawa: baba daban, babba daban, mana daban, manna daban. P da q da v da x kuwa a bar su, kalmomin Hausa na asali ba sa bukatarsu. Zai gamu da su a Turanci.

Wata rana yaro zai tambaya ko "gari" na tuwo ne ko na mutane, ko "kuka" na miya ne ko na hawaye. Rubutun yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya kuma nuna jan wasali. Jimla ce take raba gardama. Ya karanta har ƙarshen jimla, ma'ana za ta fito.

Manyan baƙaƙe su zo bayan ƙanana, domin yawancin abin karantawa da ƙanana aka rubuta shi. A fara da baƙin farko na sunan yaron. In Musa ne, M nasa ne. In Binta ce, B nata ne. Wasu ba su da wuya, girma kawai suka ƙara, kamar C, O, S, W, Z. Wasu kuwa sun sake kama gaba ɗaya, kamar A, D, E, G, R. Buhun taki da gwangwanin tumatir da jikin motocin kasuwa cike suke da manyan baƙaƙe. Ya riƙa farautar nasa a jikinsu.

Lokaci da hali

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Juma'a kaɗai. Da yayyafi kogi kan cika. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, lokacin da akwai haske kuma yaro ba ya jin yunwa ko barci. Da damina ma ba sai an tsaya ba. In an zauna hutu a gindin bishiya, ga ƙasa mai laushi, ga tsinke. Kowane zama a fara da bitar na jiya, a ƙara sabo guda ɗaya kawai, a tashi tun yaro bai gundura ba.

Bulala ba ta da aiki a wannan darasi. Yaron da yake kallon hannun uba ba ya kallon baƙi. In ya yi kuskure, a sake faɗar sautin, a kama hannunsa a zana tare, a bar shi ya gwada. Kada a gwada shi da wansa ko ɗan maƙwabta. Wani yakan kama cikin wata biyu, wani sai ya shekara.

Kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Cin abinci da miƙa kaya da dama ladabi ne da ake koya wa kowa. Amma wajen rubutu, tilasta wa bahago ya koma dama yakan sa hannunsa ya yi nauyi, ya tsani darasin. In an lura hagu ce mai ƙarfinsa, a bar shi. A ɗan karkata masa takarda ta dama, don kada hannunsa ya rufe abin da ya rubuta.

In an daɗe ana yi, yaro bai raba sauti da sauti ba, a duba lafiyarsa kafin a ce ba shi da kai. Sanƙarau yakan taɓa ji. Kunne mai zubar da ruwa ma haka. Baƙon dauro yakan taɓa ido. Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko mai kai takarda dab da hanci, ko mai runtse ido in yana duban nesa, a kai shi asibiti a gwada shi.

Tabarmar darasi ta maza da mata ce. Sau da yawa ana zaunar da namiji, a aiki mace ɗebo ruwa. Ita kuwa tana laɓe tana ji, wani lokaci ma ta riga shi kamawa. A zaunar da su tare. Uwar da take gida yini guda ita ta fi kowa samun wannan minti 15, kuma 'yan uwa manya suna iya taimakawa da wasan kwali.

Yadda ake gane ya kama

Hadda takan ruɗi iyaye. Yaro yakan gane "baba" don ya saba ganin siffarta, kamar yadda yake gane tambarin shayi. Gwaji na gaskiya iri biyu ne. Na farko, a rubuta kalmar da bai taɓa gani a rubuce ba, amma ya san dukan baƙaƙenta, kamar turmi ko kabewa ko ƙosai, a ga ko zai tsinka ta gaɓa-gaɓa ya haɗa. Na biyu shifta ce. A faɗi kalma, shi ya rubuta ba tare da ya kwafa ba. In ya rubuta "gda" maimakon gida, ya ji baƙaƙe, wasali ne ya tsere masa, sai a koma wasan tafi. In ya rubuta "kasa" alhali ƙasa aka ce, sai a koma kan lanƙwasa.

Karatun gida ba ya maye gurbin makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su sa 'ya'yansu firamare da ƙaramar sakandare, kuma shekara 6 ce lokacin shiga aji ɗaya. Ranar da za a kai yaro rajista, a tafi da kwalayensa ko takardar da ya yi shifta. A nuna wa malamin ajin baƙaƙen da ya iya da waɗanda suke ba shi wuya, don malam ya san inda zai ɗora.